DAGA BAKIN ALLO: Babbar kyamara da 'yar aljihu, wacce ta fi fitar da hoto?

 

A wannan wata za mu ɗan ajiye alli da littafi mu yi magana a kan kyamara. Mai karatu na iya cewa, to me ya haɗa malamin makaranta da ɗaukar hoto? Abin da ya haɗa mu shi ne wani rashi da muka yi. A bikin saukar karatu da aka yi bara a makarantarmu nan Kumasi, an ɗauko mana wani tsohon malami wanda shi ya koya wa yawancin iyayen yaran baƙi da wasali, aka zaunar da shi a tsakiya cikin farar babbar rigarsa, masu sauka suka kewaye shi, aka ɗauki hoto. Bayan 'yan watanni Allah ya yi masa rasuwa. Da iyalinsa suka nemi hoton don a ƙara masa girma a rataye a zaure, sai aka tarar rigar ta yi fari fat har ba a ganin aikin da ke wuyanta, fuskar kuwa ta yi duhu, ba ido ba baki. Ba mu ga laifin yaron da ya ɗauka ba, domin iyakar abin da aka ba shi ke nan, iyakar kuma abin da ya sani. Amma hoton ba zai sake ɗaukuwa ba har abada.

Wannan ne ya sa kwamitin iyaye da malamai ya yanke shawarar a yi karo-karo a saya wa makaranta kyamara tata ta kanta. Kuɗi sun taru, sai gardama ta tashi. Wani matashin malami ya ce a sayi babba, irin wadda ake canza wa gilashi, wadda masu sana'ar ke kira DSLR. Alhaji ma'aji kuma ya ce a sayi 'yar ƙarama ta aljihu, irin wadda sai dai ka saita ka danna, a sa ragowar kuɗin a gyaran benci. Kowannensu ya kawo hotuna don kafa hujja. Da aka baza su a tebur, kusan duk wanda ke wurin sai ya nuna na 'yar ƙaramar, domin launinsu ya fi tashi, kome kuma ya fito garau. Na babbar sun yi sanyi-sanyi kamar atamfar da ta sha wanki. Alhaji ya dube mu ya ce, "Malam, kai ne mai koyar da kimiyya. Gani ya kori ji. Don me za mu biya ninki a kan abin da ido ya ƙi?" Muka ce, "Baba Alhaji, a ba mu mako biyu, sai an gwada akan san na ƙwarai."

Kafin mu faɗi abin da gwajin ya nuna, ya kamata mu san abin da ke cikin akwatin nan guda biyu. A da, fim ne ke karɓar haske a bayan gilashi. Yanzu wani ɗan faranti ne na lantarki, wanda aka shimfiɗa wa ƙananan ɗigo miliyoyi, kowane ɗigo yana auna hasken da ya faɗo masa. Wani injiniya na kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar farko irin wannan a 1975, hotonta baƙi da fari ne, ɗigo dubu 10 kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana shi a kaset. Kamfanin Nikon ya fito da D1 a 1999 mai ɗigo miliyan 2.7, sannan a 2003 Canon ya fito da EOS 300D wadda farashinta ya sauko ƙasa da dala dubu, daga nan ne babbar kyamara ta fara shiga hannun talaka. Abin da ya ba ta sunanta shi ne madubin da ke cikinta, wanda ke ɗauko abin da gilashi ya gani ya kawo wa idon mai ɗauka, in ya danna sai madubin ya ɗaga haske ya wuce kan faranti. Ƙarar nan ta "ƙyas" da kuke ji a wurin biki, yawancinta ta madubin ce.

To, babban bambancin yana wajen girman faranti. Na yawancin kyamarorin aljihu tsawonsa wajen milimita 6 ne, faɗinsa 4 da rabi, bai kai farcen ɗan yatsa ba. Na matsakaiciyar DSLR kuwa wajen milimita 23 da rabi ne da 15 da rabi, wato ya ninka wancan fili kamar sau 13. Na manyan ƙwararru ya kai milimita 36 da 24, daidai da fim ɗin da. Yanzu a ce dukansu biyu an rubuta musu ɗigo miliyan 12 a jikin kwali. Mai saye zai ce ai ɗaya suke. Amma ku tuna da taren ruwan sama a damina: gida biyu kowanne ya jera mazubi goma sha biyu a tsakar gida, wannan bahuna ya jera, wancan kofunan shayi. In an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kowa zai samu. In yayyafi aka yi, mai kofi sai dai ya ga laima. Haske shi ne ruwan, ɗigo shi ne mazubin. Da rana tsaka kowace kyamara gwana ce, sai haske ya yi ƙaranci ake gane mai baho.

Ga yadda muka yi gwajin. Mun aro kyamarorin biyu, muka ɗauki abu ɗaya, daga wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, muka kai aka wanke kowane hoto kala biyu, ƙarami mai inci 4 da 6, da babba mai inci 12 da 18.

Na farko, mun jera 'yan aji shida sahu huɗu a filin makaranta da hantsi. A nan 'yar aljihu ta yi nasara, kuma ba mu ɓoye wa kwamiti ba. Tun daga yaron da ke durƙushe a gaba har zuwa wanda ya hau benci a baya, kowa ya fito tar. A hoton babbar kuwa, sahun gaba ya fito, na baya ya yi dishi-dishi. Dalili shi ne, ƙaramin faranti gajeren gilashi yake aiki da shi, gajeren gilashi kuma yakan kama na kusa da na nesa gaba ɗaya. Babbar kyamara in an buɗe mata ƙofar haske sosai, wuri ɗaya take kamawa ta saki saura. Masu hoton amare suna son haka ƙwarai, don amarya ta fito, tarkacen bayanta ya narke. Amma ga hoton aji, illa ce. Da muka matse ƙofar zuwa lamba 8 muka sake ɗauka, sai sahu huɗun suka fito daidai. Ashe laifin hannu ne.

Na biyu, mun shiga aji bayan magariba, ƙwai ɗaya ne na lantarki ke ci. Nan fa aka yi walƙiya muka ga kowa. 'Yar aljihu ta kunna fitilarta, sahun gaba suka yi fari kamar an watsa musu gari, idanunsu jajur, na baya kuma suka nutse cikin duhu. Fitilar ƙaramar kyamara ba ta wuce taku huɗu ko biyar, kuma ƙa'idar haske ce cewa in nisa ya ninka biyu, ƙarfinsa kan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Da muka kashe fitilar, sai hoton ya cika da tsaki-tsaki kamar an barbaɗa yashi, injin da ke cikinta kuma garin share tsakin ya shafe har da gashin gira da zanen hula, fuskoki suka yi sumul kamar na 'yar tsana. Babbar kuwa ba tare da fitila ba ta fitar da fuskoki da rubutun da ke kan allo.

Na uku shi ne wanda ya fi damun mu. Mun roƙi wani dattijo ya sa farar shadda mai aiki ya zauna a rana. 'Yar aljihu ta maimaita mana abin da ya faru bara, riga ta ƙone, fuska ta yi duhu. A nan akwai abu biyu. Ma'aunin hasken da ke cikin kowace kyamara an gina shi ne a kan zaton cewa duniya toka-toka ce, wato abin da ke gabansa yana mayar da kamar kashi 18 cikin 100 na hasken da ya same shi. In farar riga ta cika masa ido sai ya ɗauka haske ne ya yi yawa, ya rage, fuskar baƙin mutum kuma ta ƙara nutsewa. Sa'an nan kuma tazarar da ke tsakanin farar shadda a rana da baƙar fuska a inuwar rawani ta fi ƙarfin ƙaramin faranti, kofinsa kan cika ya zube tun kafin fuskar ta sami rabonta. Babban faranti ya fi jure wannan tazara. Bugu da ƙari, babbar kyamara tana iya adana ɗanyen hoto wanda ake kira RAW, mai matakan haske 4,096 ko ma 16,384, alhali hoton da aka riga aka dafa, wato JPEG, mataki 256 ne kawai ga kowane launi. Daga ɗanyen ne muka zauna a kwamfuta muka ɗago fuskar dattijon, muka dawo da aikin rigarsa zare-zare.

Wannan matsala ta baƙar fata a hoto ba yau ta fara ba. Tun a shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, da shi suke daidaita launin injinsu. In fatar Baturiya ta fito daidai, shi ke nan an ce inji ya daidaita. Sai a shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata masu launin fata daban-daban. Duk da haka magabata a wannan sana'a sun nuna cewa gwani yana iya shawo kan kayan aikinsa. Ga James Barnor, ɗan ƙasar nan, wanda aka haifa a 1929, ya buɗe situdiyonsa mai suna Ever Young a unguwar Jamestown a farkon shekarun 1950, ya je Ingila ya ƙaro ilmi, ya dawo ya kafa wurin wankin hoto mai launi na farko a Ghana wajen 1970. Ga kuma Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako. Duk wanda ya ga hotunansu zai ga baƙar fata tana sheƙi, zanen atamfa kuma ya fito ɗaya bayan ɗaya, da kayan aikin da yaran yau za su yi wa dariya. Sun san haske, shi ne sirrin.

To, in haka ne, me ya sa hotunan 'yar aljihu suka fi burge kwamiti a ranar farko? Amsar ita ce kwalliya. Kamfanonin sun san mai sayen ƙaramar kyamara ba zai zauna gyaran hoto ba, saboda haka tun a ciki injin yake ƙara wa launi gishiri, ya ƙara wa baƙi baƙi, fari fari, ya kuma bi gefen kowane abu ya ja masa siririn layi mai haske don ido ya ga kamar kaifi. Babbar kyamara kuwa an saita ta ta bar hoto kusa da yadda yake, don mai ita ya sa gishirin da kansa. Har ila yau, yawancin DSLR suna da wani siririn gilashi a gaban faranti wanda da gangan yake ɗan dusashe hoto, don kada tufa mai ƙananan ratsi, irin saƙi ko batakari, ta fito da wasu launuka na ƙarya masu kama da bakan gizo. Da aka kawo manyan hotunan nan masu inci 12 da 18, kwalliyar ta tonu. A na 'yar aljihu an ga farin layi ya kewaye kunne da hula, jan gyalen wata malama ya zama jan fenti bai ɗaya, furannin jikinsa sun ɓace. A na babbar furannin suna nan. Alhaji ya daɗe yana duban su biyun, sa'an nan ya ce, "Malam, ashe ƙaramar jan-baki ta sha."

Game da launi, akwai wani abin da ya kamata a sani. Ɗigon faranti ba ya ganin launi, haske kawai yake aunawa. Wani ma'aikacin Kodak mai suna Bryce Bayer ne ya yi rajistar dabarar da yawancin kyamarori ke bi a 1976: a rufe kowane ɗigo da tacin launi ɗaya, cikin kowane huɗu biyu kore, ɗaya ja, ɗaya shuɗi, injin kuma ya ƙiyasta saura daga maƙwabta. Ke nan kashi biyu cikin uku na launin da kuke gani a hoto lissafi ne, kowane kamfani kuma da irin nasa lissafin. Shi ya sa shuni ko algashi kan fito daban a kyamarori biyu. Sa'an nan shi kansa hasken yana da launi. Na rana fari ne, na tsohon ƙwan lantarki da na aci-balbal ja-ja ne, na doguwar fitila kan ja zuwa kore. Idonmu yana gyara wannan ba tare da mun sani ba, kyamara kuwa sai ta yi hasashe, in ta yi kuskure sai farin mayafi ya koma ruwan ɗorawa. Kusan kowace kyamara, babba da ƙarama, tana da wurin da ake nuna mata farar takarda a ce mata wannan shi ne fari. Minti ɗaya ne aikin, amma mutum nawa ne suka taɓa buɗe littafin da ke cikin kwalin?

Kada kuma yawan miliyoyin ɗigo ya ruɗe ku a kanti. Hoto mai kyau a takarda yana buƙatar ɗigo kamar 300 a kowane inci. Ku buga lissafin da kanku: inci 4 da 6 ya zama 1,200 sau 1,800, wato miliyan 2 da 'yan kai. Inci 8 da 10 ya zama miliyan 7.2. Saboda haka kyamara mai miliyan 10 ko 12 ta ishi duk wani hoto da za a rataye a ɗaki. Abin tambaya shi ne girman faranti da kyan gilashi. Haka nan zuƙowar da gilashi ke yi da kansa ita ce ta gaskiya, wadda injin ke yi da lissafi yanka hoto ne kawai a buɗa shi.

Kasuwar ma ta juya. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori sama da miliyan 120, a 2023 ba su kai miliyan 8 ba, wayar hannu ta cinye kasuwar 'yar aljihu. Ita ma waya ƙaramin faranti gare ta, sai dai takan ɗauki hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido ta haɗa su wuri ɗaya, kwalliyarta kuma ta fi ta 'yar aljihu yawa. Ita DSLR ɗin ma an samo mata magajiya, wato babbar kyamara marar madubi, wadda Panasonic ya fara fitarwa a 2008, kuma tun 2020 ta wuce ta a yawan fitarwa. Wannan ya yi wa mai ƙaramin ƙarfi daɗi, domin ƙwararru suna ta sakin tsofaffin DSLR ɗinsu, ana samun na hannu da sauƙi.

A ƙarshe kwamiti ya amince aka sayi DSLR ta hannu da gilashinta, aka ƙara da gilashi ɗaya mai milimita 50 wanda ke buɗewa sosai don aikin cikin ɗaki, kuma har an sami ragowar da ta gyara benci shida. Amma an kafa sharaɗi, malamai biyu, namiji da mace, za su riƙa zuwa wurin wani mai hoto na unguwa ran Asabar su koya, a biya shi ladansa. Babbar kyamara a hannun wanda bai iya ba, hoton aji na farkon nan za ta riƙa ba mu.

Ga mai son bin sawunmu, ga 'yar shawara. In za ka sayi ta hannu, a Adum ne ko a ina, ka tafi da katin ajiyarka ka ɗauki hoton farin bango, ka buɗa shi ka duba ko akwai ɗige-ɗigen ƙura. Ka sa a duba maka sau nawa aka taɓa dannata, domin tana ƙirgawa kamar yadda mota ke ƙirga tafiya. Ka haska gilashin da tocila, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo a ciki, fumfuna ce, ka ajiye musu abinsu. Laimar daminar Kumasi ita ke haifar da ita, don haka kada a kulle kyamara a akwatin ƙarƙashin gado, a sa ta cikin mazubi mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi. Da hunturu kuma kada a canza gilashi a waje, ƙura za ta zauna a kan faranti.

Wanda kuma 'yar aljihu ko waya ce ƙarfinsa, kada ya karaya, da babu gara ba daɗi. Ka fitar da mutanenka daga rana tsaka ka kai su inuwar bango ko bakin zaure inda haske ke shigowa a fuska. Hantsi da la'asar sakaliya sun fi. In fararen kaya suka yi yawa, nemi alamar ƙari da ragi ka ƙara mataki ɗaya, ko ka kunna fitila ko da rana ce don ta cike inuwar fuska. Ka matsa kusa da ƙafarka maimakon zuƙowa. Ka dafe gwiwar hannu a jiki, ka riƙe numfashi, sa'an nan ka danna. In akwai dattijo a wurin, ɗauki uku ko huɗu, ka buɗa fuskarsa ka duba tun bai tashi ba. In za ka aika wa 'yan'uwa ta WhatsApp don su wanke, aika shi a matsayin takarda, in ba haka ba za a matse shi a hanya. Mafi muhimmanci, a wanke hoto a takarda. Mun ga wayoyi da yawa sun faɗa kwata da tarihin gida guda a cikinsu.

Mu mutanen zango, kakanninmu da yawa sun zo ƙasar nan da fataucin goro, ba su bar mana hoto ko ɗaya ba, sai suna da labari. Dattawan da suka rage mana yanzu su ne suka gan su da ido. Duk wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida, kada ya jira biki. Ran Juma'a mai zuwa in an sauko daga masallaci, kaya suna jiki, a zaunar da su a inuwa a ɗauka, a rubuta suna da shekara a bayan hoton.

Allah ya jiƙan malaminmu, ya kyautata namu zuwan. Masu tambaya ko gyara suna iya rubuto mana ta hannun edita kamar yadda aka saba. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu, inda za mu koma kan maganar kuɗin jarrabawa da muka yi alkawari. Mu kwana nan.